Ɗinkin da Kawu Enoch Ya Tsallake

Shekara talatin da ɗaya Kawu Enoch Tregear ya yi yana ɗinka tamfol ɗin da iska ke tura jiragen yaƙi da shi. Mutanen Plymouth sun san shi da ƙarancin magana. Ni da na girma a gidansa na san abin da ke cinsa.

A jirgi in mutum ya mutu, maɗinki ne ke naɗe shi cikin shimfiɗarsa, ya sa masa ƙwallon igwa biyu a ƙafa don nauyi, ya ɗinke, a jefa shi teku. Ɗinkin ƙarshe ta hanci ake ratsa basilla, in da sauran rai zai motsa. Kawu ya yi wa mutum sama da ɗari, biyu sun motsa.

Tun Admiral Pelloway, babban kwamandan jiragen, yana kyaftin Kawu ke binsa. Masifaffen tsoho ne, bulala ba ta yi masa wuya, amma shi ne ya taɓa cafko Kawu ta gashi daga cikin teku. Zazzaɓi ya kayar da Admiral a ruwan Jamaika, aka ce ya cika. Kawu ya ɗinke shi tun daga ƙafa, da ya iso fuskar sai hannunsa ya ƙi. Hancin Admiral guda? Ya tsallake, ya ƙulle zare, bai gaya wa kowa ba. Da aka karkata katakon da aka ɗora gawar a kai ta zame cikin teku, sai ya ga kamar gwiwa ta lanƙwashe.

Ya dawo gida da wannan gwiwar a ransa. Ya daina cin kifi. Matarsa, Inna Keziah, takan ce, "Kai dai maigida, tangaɗin jirgi ne. Mutumin da ko gishiri ya yi yawa sai ya tara jama'a, shi ne zai yi shiru ana ɗinke shi?"

"Ba ki ga gwiwar ba, Keziah."

Abu ɗaya ya riƙe shi: ai likitan jirgi ya duba gawar kafin a kira shi. Bayan shekara goma sha tara muka ci karo da likitan, Dakta Maddock, a kasuwar kifi da hantsi, ya tsufa tukuf. Kawu ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ranar da Admiral ya cika, ka ji ƙirjinsa da kyau ko?"

Likita ya yi dariya. "Ni? Ai ni ma zazzaɓin ya shimfiɗe ni, ko ɗakinsa ban leƙa ba. Da aka ce mini kai ka ɗinke shi, sai na sa hannu a takarda. Wa zai yi musu da basillarka, Enoch?"

Ya dafa kafaɗar Kawu ya wuce abinsa. Ni na tsinci hular daga ƙasa, na ja Kawu muka tafi gida.