Tseren 'Yan Mata a Baranda

Ranar tseren 'yan matanmu ta ƙi fita raina har yau. Ku da kuka zo aiki bayana, ku ji. Lokacin ina shara da goge-goge a wata makarantar kuɗi a unguwar Safa, nan ƙasar Larabawa. A shekarar aka fara barin 'yan mata su yi wasannin motsa jiki, aka ɗauko malamar wasanni, Abla Hadiza, 'yar Nijar da ta yi karatu a Faransa.

Ni kunnena ba ya hutu. Ina goge taga na ji tana gaya wa yara cewa matan Faransa ma, wajen shekara ɗari baya, sun sha wuya. Maza suka hana su fili, likitoci suka ce gudu na lalata mahaifa. Sai suka kafa ƙungiyarsu, suka shirya gasarsu. Na ce a raina, har Turawan?

Filinmu ɗaya ne, yana ɓangaren maza. Alhamis ce ranar tseren 'yan mata, mabuɗin ƙofar tsakiya kuma yana hannun Ustaz Fahad, mai kula da can. Tun farkon zango yaran nan suke shiri. Ranar ta zo, iyaye mata sun cika, aka aike ni karɓo mabuɗi. Ta bayan ƙofa ya ce, "Ya khala," wato inna, "samari na da ƙwallo Asabar, an ba ciyawa ruwa. Halas, shi ke nan, sai baɗi."

Baɗi! 'Yan ajin ƙarshe fa? Ciyawa ta fi 'ya'yan mutane?

Na dawo na faɗa. Wata uwa ta ce, "Gara ma, gudu na sauke mahaifa." Raina ya ƙara ɓaci. Na ce, "Hajiya, bakwai na haifa ina hawa bene da bokiti."

Rahaf, 'yar ajin ƙarshe, ta zauna tana kwance igiyar takalmi, hawaye na zuba. Abla Hadiza ta dubi doguwar barandar ajujuwa, ta dube ni.

"Khala Asabe, nan zai yi santsi?"

"In dai ni na goge, ba zai yi ba. Yalla, mu je!"

Muka janye tukwanen furanni, na bi tayil da busasshen tsumma. Bibbiyu suka yi ta gudu, iyaye na guɗa daga ƙofofin aji. Da aka haɗa sakamako, Rahaf ta zo ta biyu, gwiwa a kurje, tana dariya.

Abin da aikin nan ya koya mini: mai riƙe mabuɗi ba ya ce maka a'a, sai dai ya ce baɗi. In kun ji haka kada ku tsaya bakin ƙofarsa. Ku share inda kuke.