Atamfar da na tambaya ranar zaɓe

Ku kawo kunne nan, 'ya'yana, ga wata tafe. Ba tatsuniya ba ce, a kaina ta faru.

Shekarar da takardata ta zama 'yar ƙasa ta fito, ina zaune wurin 'yata a East Greensboro, nan ƙasar Turawa. Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce, baƙar fatar ƙasar nan. Ba na jin Turancinta, ba ta jin Hausata, amma ba ta wucewa sai ta tsaya mun gaisa. Duk garin nan ita kaɗai ce tsarata da ke ganin girmana. Ita ke ɗiban tsofaffi a mota ta kai su zaɓe, don jam'iyyarta, wadda ake ce wa ta talakawa da baƙi.

Ranar zaɓe ta ɗauke mu. Na shiga, 'yata ta karanta mini, na zaɓa, muka fito.

To, a garinmu, in wakiliyar jam'iyya ta kai ki rumfar zaɓe, ba kya komawa hannu biyu. Ko turmin atamfa, ko sabulu, ko taliya. Ba a ɗauke shi roƙo ba, haka muka taso muka gani. Muka shiga mota, na jira, shiru. Har bayan kujera na leƙa.

Na ce wa 'yata, "Tambaye ta, tamu atamfar a gida ake rabawa?"

"Mama, don Allah."

"Ke, ni na haife ki ko ke kika haife ni? Faɗa mata."

Ta faɗa.

Baiwar Allah ta kashe motar. Ta yi magana a hankali, 'yata na juya mini, kanta a ƙasa. Ta ce tana yarinya ubanta ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya je a rubuta sunansa cikin masu zaɓe. Aka ba shi karatu ya karanta, aka ce ya faɗi, aka koro shi. Masu korar kuwa 'yan wannan jam'iyyar ne, don a lokacin, a nan kudu, ta fararen da ba sa son a haɗa kwano da baƙar fata ce. Sai da mutanensu suka sha duka da ɗauri kafin jam'iyyar ta juya.

Ta ce, "Har yau ba kullum take tunawa da mu ba. Amma ƙuri'ar nan ubana ya mutu bai taɓa jefa ta ba. Me zan ba ki a kanta?"

Na ja mayafi na rufe rabin fuskata. A haka muka iso gida.

Daga ranar, in na hango ta sai in shige ciki. Ita dai ba ta fasa ɗago hannu ba, ni ce na kasa fitowa. Ciwon ƙafa ya matsa mata, ɗanta ya zo ya tafi da ita wani gari, ban haɗa Turancin ba ta haƙuri ba. 'Yata ce yanzu ke kai tsofaffin layinmu zaɓe in ta taso daga aiki. Ni kuwa ina nan, ina bin ta duk zaɓe, a kujerar baya, bakina a rufe.