Tagar Mota a Bangon Kaka

Jiya a cikin bas, muna fita daga Gusau, ruwa ya fara yayyafi sai wani dattijo ya ja gilashin taga. Gilashin ya yi ƙarar nan ta gogewa, sannan ɗan maƙullinsa ya ce ƙyas. Ban san lokacin da na dafe ƙirji ba. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Lafiya, baiwar Allah?" Na ce lafiya lau. Ina lafiya! Ƙarar nan ta riga ta mayar da ni ƙauyenmu na bayan Bunguɗu, cikin ɗakin kakata, inda tagar mota take zaune a jikin bangon laka.

Kada ka yi dariya, mai karatu, ko da yake duk wanda ya gani a lokacin sai da ya dara. Bari in gaya maka yadda ta hau bangon.

Babana yana da wata tsohuwar jif koriya mai rufin ƙarfe, irin wadda ma'aikatan gona suka yi yayi a da. A bayanta akwai benci biyu suna kallon juna, kowane gefe kuma da doguwar taga mai gilashin da ake ja. Da ita yake kai mutane da buhunansu kasuwannin Karakkai da Mada, wani lokaci har Tsafe. In damina ta yi nisa, laka ta tsayar da kowace mota, ita ko a jikinta, sai dai ta yi gurnani ta wuce. Cikinta kullum warin man juye ne da na daddawa da na jiƙaƙƙen buhu.

Wurin zamana jikin tagar hagu ne, kuma kowa ya sani, har manya kan matsa mini. Sunan kakata aka sa mini, don haka Baba ba ya kirana sai da Uwata. Yana da zoben azurfa a hannun dama. Duk inda muka tsaya, in ya sauko ya zo wucewa, sai ya ƙwanƙwasa gilashina da zoben nan ba tare da ya juyo ba, wai shi bai san ina ciki ba. Ni kuma in manna hanci a gilashin in yi masa gwalo. Wasan bai wuce haka ba, amma ban taɓa gajiya da shi ba.

Kaka kuwa tata dabam ce. Baba ɗan farinta ne, kuma ita mutuniyar da ce, mai alkunya ta gasken gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa sannu da zuwa. In za ta ambace shi sai ta ce "mai motar nan". In ya yi dare a hanya, mahaifiyata, da muke kira Inna, ta yi ta zirga-zirga zuwa zaure, amma Kaka tana zaune tana kaɗi kamar abin bai dame ta ba. Ni da nake kwana ɗakinta na san zaren nan tsinkewa yake ta yi.

Sai hanya ta lalace. Aka fara tare motoci, kuma direbobi suka ce mutanen nan masu bindiga leƙawa suke ta taga, su ga wa ke ciki, su zaɓi wanda za su tafi da shi. Wata safiya Baba ya ce in shiga mota, za mu Gusau.

Wurin wani mai gyaran jikin mota ya kai ta. Ina zaune a kan tsohuwar taya ina kallo. Mutumin ya cusa sukudireba a ƙarƙashin robar da ta kewaye tagata, ya zare ta kamar igiya, ya warware ƙusoshi, ya ɗago tagar ɗungurungum da ƙarfenta ya jingine ta da bango. Motar ta koma kamar tsohon da aka cire wa haƙori. Ya ɗora kwali ya zana girman ramin, ya yanko fallen ƙarfen sanholo daidai da shi, ya shafa baƙin gam a bakin, ya danna, ya bi shi da ƙusoshi masu zagayayyen kai. Haka ya yi wa ɗaya gefen, da ɗan gilashin ƙofar baya. A bayan kujerar direba kuma aka kafa katako har sama. Da ya fesa fenti, sabon koren ya ƙi yin daidai da tsohon, ko daga nesa kana ganin inda taga ta taɓa zama.

Mai gyaran ya ce, "Malam, za su sha zafi fa a ciki."

Baba ya ce, "Zafi da sauƙi."

Na yi kuka ranar, na ce ni ba zan shiga ba. Baba ya ɗaga ni ya sa a ciki, ya rufe. Duhu ya rufe ni, ga warin fenti har maƙogwaro. Can sai na ji zoben a jikin sabon ƙarfen, daidai kunnena. Ƙarar ba ta yi daɗin ta gilashi ba, amma na gane ta, na yi shiru.

Da muka iso gida, aka sauke tagogin da aka ciro, Kaka ta leƙo, ta dubi motar, ta ce da iska, ba da kowa ba, "Wagga ba mota ba ce kuma, makara ce." Inna ta ce subhanallahi. Da yamma Kaka ta kira ni ta ce, "Takwara, je ki ce ma mai motar nan, in ba ya da abin yi da gilashin, a ba ni."

Ɗaya tagar akuya ta ture ta ta fashe kafin a yi shawara. Tawa ce ta tsira. Aka kira magini ya fasa bangon ɗakin Kaka na wajen hanya, ya zaunar da tagar, ya liƙe da laka. Mata suka yi ta zuwa kallo suna tsokanarta, wai yaushe ɗakin zai tashi zuwa Mada. Ita kuma ta ce haske take so, idonta ya yi rauni wajen kaɗi. Ni dai na ga inda aka mayar da tabarmarta. Duk la'asar tana jikin gilashin, in ta hango koriyar mota ta ɓullo tsakanin gonaki, sai ta ja shi, ƙyas, ta juya baya ta ɗauki mazarinta. Baba zai shigo ya gaishe ta, ta amsa tana kallon ƙasa. Tsohuwar nan ta sami hanyar kallon ɗanta son ranta ba tare da kowa ya kama ta ba.

Ranar da abin ya faru, daga suna muke dawowa a Tsafe, ni da goggona da wasu mata na ƙauyenmu. Damina ce, dawa ta fi mutum tsawo. Kamar yadda ya saba tun da aka rufe motar, Baba ya shigar da mu, ya jera buhunan masara daga bakin ƙofar baya har rufi. Mun wuce Gusau, mun wuce Bunguɗu, na ji tayoyi sun sauka daga kwalta zuwa jar ƙasa. Muna gumi, wata tana ba da labarin abincin sunan. Sai motar ta tsaya a inda ba ta tsayawa.

Na ji babura. Na ji muryoyin da ban sani ba. Goggo ta toshe mini baki da tafinta, har yau ina jin ɗanɗanon lallen hannunta. Aka buɗe ƙofar baya, haske ya ɗan ratso ta saman buhuna, na ji muryar Baba, a natse kamar yana ciniki a kasuwa: "Hatsi ne kawai. Ba kowa." Wani ya naushi buhu. Aka rufe.

Aka yi magana kaɗan da ban ji sosai ba. Sai takun ƙafafu suka bi ta gefen hagu. Suna wucewa, daidai kunnena, zoben ya taɓa ƙarfen.

Baburan suka tashi, ƙararsu ta yi nisa har ta ɓace. Muka zauna a duhun nan ba mai motsi, sai da wasu manoma suka zo suka sauke buhunan. Rana ba ta ma faɗi ba. Ƙofar direba a buɗe, mabuɗi a jiki, hularsa a kan kujera.

Ba wanda ya taɓa kiran waya don neman kuɗin fansa. An nema, an tambaya, an yi addu'a, an yi sauka. Ba labari, ba gawa, ba kabari. Inna ta yi kuka a tsakar gida, mata suka riƙe ta. Kaka ba ta yi ba, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Ta ci gaba da zama jikin tagar duk la'asar, tana kallon hanyar da motar ta daina bi, don an janyo ta an ajiye bayan rumbu. In mun kasance mu biyu sai ta ce, "Takwara, mi kika gani?" In ce ban ga komai ba, Kaka. Bayan kwana biyu ta sake tambaya, kamar amsar za ta canza. Ko ya juyo? Ko a ƙafa suka tafi da shi? Ko da takalminsa? Ban sani ba. Ni da nake ɗiyarsa ina wurin, tsakanina da shi bai fi tafin hannu ba, kuma ban gan shi ba.

Na tsani ƙarfen nan shekaru. Wata la'asar, na riga na zama budurwa, Kaka kuma ciwo ya fara cin ta, ta sake tambayata. Haushi ya kama ni, na nuna gilashin na ce, "Da wannan tana inda take, ai da na gan shi!"

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Da su ma sun gan ki."

Sai ta juya wajen hanya, ta ja gilashin ya buɗe, ta kira sunan Baba. A hankali ta kira, kamar mai gwada kalmar da ba ta saba da ita ba. Ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar, ban kuma sake ji ba har ta rasu.

Yanzu duk mun dawo Gusau, ƙauyen ya watse, an ce ɗakin Kaka ya zube a wata damina. Ban san inda gilashin ya ƙare ba. Ƙananan motoci masu baƙin gilashi sun cika gari, ba ka ganin na ciki, yara ma ba su san an taɓa leƙo kai ta taga a yi gaisuwa da mutanen hanya ba. Ɗiyata takan yi rigima sai ta zauna jikin taga in za mu yi tafiya. A cikin gari ina barinta. Amma da zarar mun bar kwalta, sai in janyo ta tsakiya in ɗora kanta a cinyata, ni kuma in jingina kunnena da jikin motar. Ta taɓa tambayata me nake saurare. Na ce mata ba komai.