Sa Hannun da Aka Hana Briskila

Shekara ashirin da bakwai ke nan cif da muka binne ƙanwata Briskila, kuma har yau idan na tuna da ita, haushi ne yake riga baƙin ciki isowa. Na ɗauka tsufa zai sanyaya mini zuciya, bai sanyaya ba. Duk shekara idan watan ya zagayo sai in ce zan rubuta, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana dai na ce ko me za a ce, a ce.

Waɗanda suka zauna a unguwar Kachalla Sembe ta Jalingo a shekarun da aka ba mu jihar Taraba za su tuna da ita: doguwa, mai saurin tafiya, malamar kimiyya a wata sakandare. Ni ne babba a gidanmu, a lokacin ina akawu a sakatariya, ina jin kaina sosai. Babanmu manomin doya ne. Wata safiya ya faɗi a gona, aka ɗauko shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muka kai shi wani asibitin mishan a Filato, Briskila ta zauna jinyarsa mako uku. A can ta ga wata ma'aikaciya da ba ta allura, ba ta ba da magani. Aikinta kawai ta koya wa wanda ciwo ya naƙasa yadda zai koma yi wa kansa hidima: ya ci abinci, ya sa riga, ya riƙe kayan sana'arsa. A Turance aikin yana da suna, a Hausa har gobe ba mu raɗa masa ba. Ƙanwata ta dawo Jalingo ba ta da zance sai nasa.

Da Baba ta fara. Ta naɗe mariƙin cokali da robar tayar keke har ya yi kauri, ta cire maɓallan rigunansa ta ɗinka manya. Sannan ta ajiye masa kwanon kunu, ta zauna gabansa ta harɗe hannu. Baba ya kai cokali, ya zube. Ya sake, ya zube a ƙirji. Ita kuwa ko motsi, sai dai ta ce, "Sake, Baba." Kwano ɗaya sai ya ci rabin awa. Goggonninmu suka zo gaisuwa suka tarar da haka, ɗaya ta fita tana share hawaye, tana cewa boko ya cinye wa yarinya zuciya. A wurinmu ɗan kirki shi ne wanda zai ba uba abinci a baki, ya yi masa wanka, ya hana shi ɗaga ko tsinke. Ni ma haka na tashi na sani. Don haka da zarar ta tafi makaranta, ni da matata sai mu ba Baba a baki, mu goge masa, mu ji mun yi aikin lada.

Ta ƙudurta sai ta karanci aikin nan a matakin digiri na biyu. Ta yi ta aika wasiƙu ta akwatin gidan waya na cocinmu, amsa takan yi wata biyu kafin ta zo. A ƙarshe wata makaranta a ƙasar waje ta ce za ta duba takardunta, har da yiwuwar ɗaukar nauyin karatun. Amma da sharaɗi: sai ta kawo shaidar cewa ta bi ƙwararre a aikin, tana kallo tana koyo, na tsawon lokaci. To don Allah wane ƙwararre? Wanda ya zauna ya rubuta wannan sharaɗi, na tabbata ko a taswira bai taɓa ganin Taraba ba. Iya saninmu babu mai wannan aiki ko ɗaya a jihar. Da hutu ya zo ta koma Filato, aka ce matar nan ta gama wa'adinta ta tafi. Wata da ba Briskila ba, a nan za ta haƙura. Ita sai ta sake rubuta wa makarantar, ta bayyana musu halin da ake ciki. Suka sassauta: ta yi wata shida tana aikin sa-kai a asibiti, shugabar nas-nas ta sa hannu ta buga hatimi a fom, ya iso musu kafin ranar da suka yanke. Sa hannu ɗaya tak ya rage tsakaninta da abin da take so.

Ba zan kama sunan asibitin ba. Wata shida yarinyar nan tana tashi daga aji ta wuce ɗakin majinyata maza, wani lokaci a acaɓa, wani lokaci a ƙafa. Ma'aikatan ba su san inda za su ajiye ta ba, ita ba nas ba, ba mai jinya ba. Sai suka mayar da ita 'yar shara da zubar da fo na majinyata, ta karɓa ta yi. A tsakanin haka take samun ɗan lokaci da masu shanyewar jiki. Akwai wani tela daga unguwar Sarkin Dawaki, Malam Buba, dattijo, wanda hannunsa na dama ya mutu. Ta kawo masa kwano biyu da wake, ta ce ya riƙa tsintar ƙwaya ɗaya-ɗaya daga wannan zuwa wancan. 'Ya'yansa suka shigo suka ga ubansu yana gumi a kan ƙwayar wake, yarinya na zaune ta harɗe hannu. Ransu ya ɓaci, kuma ban ga laifinsu ba. Suka kai ƙara wurin shugabar nas-nas cewa an mayar da ubansu abin wasa.

Shugabar nan, da kowa ke kira Mama Matiron, 'yar cocinmu ce. Zan faɗi gaskiya a kanta: ba ta cin hanci, ba ta makara, kuma ita ta reni rabin nas-nas ɗin garin. Sai dai abin da ba ta sani ba, a wurinta babu shi. Maimakon ta kira Briskila ta ce, ke me kike yi, kuma don me, sai ta bi yadda muka saba, ta nemi babban gida. Ranar Lahadi bayan sujada ta ja ni gefe ƙarƙashin mangwaro.

"Yohanna, ƙanwarka haka take yi wa Baba a gida?"

Na ce, "Mama, ai har ya fi haka. Mu ne muke ba shi a ɓoye in ta fita. Don Allah ki yi mata faɗa, ke za ta ji maganarki."

Abin da na faɗa ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. A raina ƙara na kai wurin babba, irin wadda ake kaiwa don a yi wa yaro nasiha. Ko sau ɗaya ban tuna da fom ba. Na koma gida na ci tuwona hankali kwance.

Da wata shida suka cika, Briskila ta kai fom. Mama Matiron ta karanta, ta tura mata abinta, ta ce ba za ta aika yarinyar da ba ta da tausayi ta je ta ba mu kunya a ƙasar mutane ba. Mako uku ƙanwata tana zuwa ofishin nan kullum, har durƙusawa ta yi. Ta je wurin likita, ya ce ɗakin majinyata na Matiron ne, shi ba zai shiga hurumin wani ba. Ta je wurin fasto, ya ce ta yi haƙuri, ya yi mata addu'a. Manya uku, masu ilimi, babu wanda ya taka ƙafarsa ya je ya duba hannun Malam Buba, wanda a lokacin ya fara zura zare a allura. Tafiyar minti biyu ce daga ofis zuwa gadonsa. Wannan shi ne abin da yake ci mini rai har yau. Ranar da makarantar ta yanke ta zo ta wuce, fom na cikin jakarta babu hannu babu hatimi.

Bayan kwana biyu ta same ni a ƙofar gida ina wanke babur. Ta tsaya, ta ce, "Yaya, Mama Matiron ta ce da kai ta yi shawara."

Na ce, "Don amfaninki na yi."

Ta dube ni, ta ce, "To, Yaya." Ta shige ciki. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba, domin a tarbiyyarmu wa ba ya ba ƙanwa haƙuri, sai dai ya saya mata zane a Kirsimeti. Na saya mata, ta karɓa ta gode. Ta ci gaba da koyarwa, ta ce za ta sake nema idan Mama Matiron ta yi ritaya. Bayan shekara biyu zazzaɓi ya kama ta, cikin mako guda ta tafi, ko talatin ba ta cika ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Jalingon yau. Tituna sun yi faɗi, kowane yaro da waya a hannu, wasiƙar da take jira wata biyu yanzu kafin ka sha ruwa ta iso. Na san za ta yi murna da jin cewa aikin nan ya fara samun masu karanta shi a ƙasarmu. Amma ina jin murnar ba za ta daɗe ba. Har yanzu yaranmu suna yawo ofis-ofis suna roƙon a bar su su tsaya bayan ƙwararre su kalla, ana ce musu su dawo gobe. A gefe guda kuma, kwanan baya wani maƙwabcina a unguwar Abbare yake yi mini alfahari cewa 'yarsa ta samu irin wannan takarda ta hannun kawunta, alhali ko warin ɗakin majinyata ba ta taɓa shaƙa ba. Na tashi na bar wurin don kada in faɗi abin da zai raba mu. Kuma ku shiga gidajenmu ku gani: dattijo ya samu shanyewar jiki, an kwantar da shi a ƙuryar ɗaki, ana ba shi a baki, ana yi masa komai, har hannun da zai iya farfaɗowa ya ƙarasa mutuwa. Muna kiran wannan tausayi, kuma muna jin daɗin kanmu.

Me ya rage na Briskila? Babu digirin da ta nema, babu hoto da hular kammala shi, babu ɗakin asibiti mai sunanta. Malam Buba ya koma kan kekensa ya yi ɗinki shekaru kafin ya rasu. Baba ya rayu shekara shida bayanta, yana ci da hannunsa, yana ɓalle rigarsa, har da zuwa bakin gona da sanda yana yi wa 'yan ƙwadago faɗa. Ita ta yi wannan, duk da mu da muke warware mata aiki a bayan idonta. Sau nawa nake lissafa mutanen da za ta tayar da an bar ta ta tafi ta dawo, sai in rasa inda zan tsaya.

Shekara da shekaru ina zagin makarantar da ta kafa sharaɗin, ina zagin likitan da ya noƙe, ina jin zafin Mama Matiron har bayan ta kwanta dama. Duk sun cancanci rabonsu, ban janye ko kalma ɗaya ba. Amma mutum ɗaya Matiron ta tambaya kafin ta yanke hukunci, kuma ni ne. Shekara biyu muna cin abinci a tsakar gida ɗaya da yarinyar nan, kalma uku suka gagare ni saboda wai ni ne babba. Yau na haura saba'in, babu wanda ya rage da zan yi wa girman kai. Briskila, ƙanwata, ni na hana ki tafiya. Ki yafe mini.