Kwalabe Biyu da Gara ta Cinye wa Suna

Watana biyu da kama aikin kula da ɗakin kimiyya a wata makaranta a Tudun Wada aka tafi dogon hutu. Aikin gwaji ne na wata uku, in malamin kimiyya bai gamsu da ni ba, sai in koma zaman banza a unguwarmu Gyallesu. Malamin dattijo ne mutumin Wusasa, ba ya faɗa, amma kallonsa kaɗai ya isa ya sa ka zufa.

Ana saura kwana biyu a dawo na buɗe kabad, na tarar gara ta yi biki. Ta lashe takardun jikin kwalabe, har da na wasu biyu da na san gishirin sinadarin kuromiyam ne. Ɗaya garin ciki rawaya ne, ɗaya kuma ruwan goro. Laifin a kaina yake, don share kabad ɗin aikina ne.

Na ɗauko littafin Malam. Ga sunaye biyu: kuromet, K₂CrO₄, da daikuromet, K₂Cr₂O₇. To wanne ne wanne? Shafin bai ce uffan kan launi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, in aka ɗiga wa kuromet asid, sai ya koma daikuromet.

Sai na jiƙa kowanne a kofin gilashi, na ɗiga asid. Ruwan goron ko gezau. Rawayan nan kuwa, ina kallo, ya rikiɗe ya zama ruwan goro! Na samu amsata, rawayan ne kuromet, na rubuta, na liƙa. Da mai hankali ne da a nan ya tsaya. Ni kuwa sai na ce bari in ga ko zai dawo. Na zuba ruwan soda, kishiyar asid, ya koma rawaya. Wallahi daɗi ya kama ni, na yi ta jiƙa sabo ina juya shi har la'asar.

Ranar Litinin Malam ya karanta rubutuna, ya ɗaga kwalbar, ya ga ta yi rabi.

"Wa ya gaya maka wannan ce kuromet?"

"Ita ce ta gaya mini, Malam." Na kwashe komai na faɗa masa.

Ya dubi yatsuna da suka rine.

"Guba ce fa. Je ka wanke hannu da sabulu. In ka dawo, 'yan aji huɗu na jira, kai za ka nuna musu."