Ruwan Kogon Garin Su Inna

A da, duk mai shiga kogon nan sai ya tuɓe takalmi a bakinsa, kamar mai shiga masallaci. Yanzu ko da takalmin ba na ba kowa shawarar shiga.

Kogon yana bayan wani ƙaramin gari da ke jingine da dutse, tsakanin Bukkuyum da Anka. Nan aka haifi Inna. Can ciki akwai idon ruwa da ba ya ƙafewa, da ludayin duma guda da ake ajiyewa a kan dutse. Ba a tsoma abin da aka zo da shi daga gida, da wannan ludayin kowa ke ɗiba. Haka na san shi ina yaro, kafin fataucin fata ya yi ta yawo da ni ƙasa ƙasa.

Shekarar da ciwo ya kwantar da Inna a gidana a Gummi, ta daina karɓar komai sai kurɓin ruwa. Wata safiya ta kira ni. Ba ta faɗin sunana, don ni ne ɗan fari.

"Kai wanga, ruwan kogonmu nika so. In sha ko sau guda."

Na ɗauki jarka, ƙanena ya goya ni a babur. Sai da rana ta take muka isa, bayan hanya ta gama jijjiga mana ƙashi. Lokacin haƙon zinariya ya fara kankama. Injin da na sani da niƙan dawa na tarar yana niƙan dutse, farar ƙura ta kwanta a kan zana, a kan awaki, har a kan faifan masu tallar fura.

Tun kafin mu ga kogon wari ya tarbe mu. Inda muke jera takalma ya zama makewayi. Ga zarni, ga ledoji da gwangwanin kifi, ga korayen ƙudaje suna tashi suna sauka. Don sabo na sunkuya zan kwance takalmi, ƙanena ya riƙe mini hannu.

"Yaya, in ka tuɓe shi nan, ba ka sake hawa babur ɗina."

Na shiga kogunan dutse na ƙasar Mali inda ake ajiye matattu, na hau dutse zuwa kogon Hira cikin cunkoson alhazai, na ga ƙazantar ɗan Adam iri-iri. Ban taɓa ganin inda aka tsuguna taku goma daga ruwan sha ba sai a garin kakannina.

A ciki muka sami maza shida, wasu 'yan garin, wasu baƙi, tsaye cikin ruwan har ƙwauri suna wanke niƙaƙƙen dutse. Ruwan ya koma kalar toka. Ludayin yana hannun ɗayansu, yana jujjuya yashi a ciki. Ya tofa yawu a kai, ya murza da babban yatsa yana neman ƙyalli. Wani ya ce wa abokinsa da Zabarmanci, wai tsohon nan ya zo sayen zinariya da jarka. Na amsa masa da harshensa cewa ruwan sha na zo ɗiba. Suka yi dariya.

"Baba, mu kanmu ruwan leda muke saye."

Duk da haka na tsoma jarkar. Da muka fito haske na leƙa ciki, na zubar.

"Mu cika a rijiyar masallaci," in ji ƙanena. "Wa zai gaya mata?"

Na yarda, kuma har yau ina jin kunyar wannan yarda.

Da la'asar sakaliya muka dawo gida, na zuba a mazubi, na ɗago kan Inna na ba ta. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye.

"Ruwan ga na rijiya na. Na kogo kama haƙori shikai."

Sai na gaya mata gaskiya, na dai ɓoye abin da ke bakin kogon.

"Ludayin hwa?"

"Yana nan, Inna."

"Mi aka yi da shi?"

Na gaya mata, ban ambaci yawun ba. Ta miƙo hannu ta karɓi mazubin, ta shanye ruwan rijiyar, ta ce dai na garinsu ne, sannan ta juya fuska bango. Ta ƙara wasu makonni a duniya, ba ta sake tambayar ruwan ba.

Masu haƙon sun daɗe da matsawa gaba. Idon ruwan yana nan bai ƙafe ba, amma tun daga wannan lokacin mutanen garin suka daina shansa.