Tsohuwar da Ta Gane Muryata Tsakanin Safa da Marwa

A lokacin da abin nan ya faru ina da shekara talatin da ɗaya, ina zaune a Makka ba iƙama, wato takardar izinin zama, irinmu da ake kira takari. Umara na zo da niyyar sati biyu, sai na zarce shekara biyar. Mu shida ne a ɗaki ɗaya cikin lungunan Misfala, kowa da katifarsa. Sana'ata turin arabiyya, wato keken da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a kai su ɗawafi da sa'ayi, kuma a ɓoye nake yi, ido ɗaya kan hanya, ɗaya kan askarawa. Edita, ina roƙon a sakaya sunana. Iyayena suna raye, kuma har yau a wurinsu ni ɗa ne na gari da Allah Ya zaunar kusa da ɗakinSa.

Abin da ba su sani ba shi ne ina da sana'a ta biyu. Na yi boko har difloma kafin in baro gida, Turancina ba laifi. Wani abokina da muka yi makaranta tare ya kira ni daga gida, ya ce masu cacar ƙwallo a waya sun gaji da ƙwallon Turai domin kowa gwani ne a kanta. Amma akwai wata ta ɗaliban jami'o'in Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da gudu ana bangaje juna, kamfanonin caca sun saka ta, mutanenmu kuma ba su gane kanta ba. Ya ce duk wanda ya iya yi musu bayaninta da Hausa ya samu hanyar abinci. Haka na fara. Nakan karanta sharhin da Turawa suka rubuta, in haddace, sannan bayan la'asar in hau saman benenmu wajen tankunan ruwa in naɗi muryata. In ce makaranta kaza mai jefa mata ƙwallo ya ji ciwo a kafaɗa, makaranta kaza a gidanta za ta buga kuma ana sa ran ruwan sama, saboda haka tazarar maki ba za ta yi yawa ba. Abokina ya buɗe mana zaure a waya, mutane suna biya suna shiga. Muka ce musu a Amurka nake zaune, ina zuwa filin atisaye ina ganin yaran da idona. Wallahi ban taɓa kallon wasa ɗaya daga farko har ƙarshe ba.

Ni ba na saka ko sisi a caca, da wannan nake lallashin zuciyata. Nakan ce ai bayani kawai nake yi, kamar mai karanta labarai. In hasashena ya faɗa daidai a yi ta yi mini kirari, in ya kuskure in ce alƙalin wasa ne. Na yi kakar wasa biyu a haka, na shiga ta uku.

Wata Laraba da hantsi wata mata 'yar ƙasarmu ta tare ni kusa da masaukinsu, ta ce mahaifiyarta ta yi ɗawafi da ƙafarta amma gwiwa ta ƙi, tana neman wanda zai tura ta sa'ayi. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, ba nauyi, idanunta duka biyu sun yi fari da yana, ba ta gani sai inuwa. Na gaishe ta, na ce sannu Hajiya, a hau a hankali. Sai ta tsaya da ƙafa ɗaya a kan keken, ta karkato kunne wajena, ta ce in sake magana. Na sake gaishe ta. Ta ce, "Ɗan nan, na san muryar nan." Na yi dariya na ce Hausawa ai muryarmu ɗaya ce. Ba ta yi dariya ba.

Muka fara daga Safa, 'yarta tana can baya cikin ayarinsu. A zagaye na farko addu'a kawai take yi ƙasa-ƙasa. A na biyu ta fara ba ni labari, ba tare da ta juyo ba. Ta ce ba don kanta ta zo ba, don ɗanta ta zo, autanta, tela ne mai shago da kekunan ɗinki uku da mata da 'ya'ya biyu. Ta ce ɗakinta da nasa bango ɗaya ne, kuma tunda ido ya tafi kunne ya zama idonta. Kowace Juma'a takan ji shi ya kunna wata murya a waya, ta wani mutum da ke Amurka, yana lissafa sunayen garuruwan da ba ta taɓa ji ba, ɗan nata ya yi ta maimaita sauraro kamar mai tilawa. Keken ɗinki na farko ya tafi a caca, na biyu ya bi shi. Da ta yi masa faɗa sai ya ce Inna ki yi haƙuri, mutumin nan a wurin yake, da idonsa yake gani, ya ce wannan karon babu shakka. Wata Lahadi da safe ya fita da silifas, bai ɗauki ko hula ba. Wata goma ke nan ba a gan shi ba, an duba asibitoci, an duba tashoshi, an yi cigiya a rediyo.

Wurin nan cike yake da jama'a, ga sanyin na'ura, amma gumi ya jiƙa mini riga har ƙugu. Na daina magana da Hausa. In zan nemi hanya sai in ce ɗariƙ ya hajji, ɗariƙ, da wata murya da na ƙaƙaro daga maƙogwaro. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ga kanta ya ɗan karkato baya.

A zagaye na biyar ta ɗaga hannu ta ce za ta yi addu'a, in taya ta da amin. Na zaci tsinuwa za ta yi, har na shirya zuciyata. Ba ta tsine ba. Ta roƙi Allah, albarkacin uwar da ta yi gudu a wannan wuri tana nemar wa ɗanta ruwa, Ya haɗa ta da mai muryar nan ko sau ɗaya kafin ta mutu. Ta ce ba za ta zage shi ba, tambaya ɗaya gare ta. Ta karkato kunne tana jirana. Na ce amin. Ban san yadda kalmar ta fito ba.

Da muka kammala a Marwa, kafin 'yarta ta iso, sai ta miƙo hannu baya ta kama wuyan hannuna, ba ta ko lalube ba. Hannun sanyi ƙalau. Ta ɗago fararen idanun nan daidai fuskata ta ce, "Tunda ya san abin da zai faru gobe a ƙasar da ba tamu ba, ya gaya mini ina ɗana yake." Ta riƙe ni tana jira. Nan ne wurin da ya kamata in durƙusa in ce ni ne, ki yafe mini. Ban yi ba. Na ce Allah Ya bayyana shi, Hajiya. Ta sake ni a hankali ta ce, "To." 'Yarta ta zo ta biya ni, na karɓa, na juya keke na tafi.

Da na koma ɗaki na shiga zauren nan na waya ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya, har na kai kan wani mai hoton keken ɗinki. Ya sha aiko mini saƙo ni kaɗai, yana kirana Malam, ban taɓa ba shi amsa ba. Na ƙarshe saƙon murya ne, wata goma da suka wuce, ranar Lahadi da safe, ban taɓa buɗewa ba. Na kunna. Babu magana, sai numfashi da ƙarar iska da takun silifas a kan tsakuwa, kusan minti biyu. Can ƙarshe ya yi sallama a hankali, ya ce Malam, sai saƙon ya yanke. Na rubuta masa cewa mahaifiyarsa tana nemansa. Nan take alamar an karanta ta fito. Na ga ana rubutu, aka daina, aka sake farawa, ba abin da ya iso. Na kira, aka ɗauka, na yi sallama sau uku, ba a amsa ba, sai iskar nan. Washegari na sake kira aka ce lambar ba ta aiki. Ko shi ne, ko wanda ya tsinci wayar ne, Allah kaɗai Ya sani.

Kwana biyu ina jan ƙafa kafin in je masaukinsu da niyyar faɗin gaskiya. Mai gadin ya ce ai an gama, ayarin ya tafi Madina tun jiya, daga can za su tashi. Ban san sunanta ba, ban san garinsu ba. Juma'ar da ta biyo na hau sama in naɗi sharhi kamar kullum, na danna waya, murya ta ƙi fita, sai wani kakari. Sai da na yi sati ina magana da hannu. Da muryar ta dawo, abu na farko da na naɗa shi ne gaskiya: ba a Amurka nake ba, ban taɓa ganin wasan ba, ban san komai ba. Wasu suka zage ni, abokina ya daina ɗaukar wayata. Abin da ya fi tsorata ni, da yawa cewa suka yi ba komai, ni dai in ba su hasashen wannan satin.

Yau shekara biyu ke nan. Ina nan ina turin arabiyya, kuma duk tsohuwar da na ɗauka sai na fara duba idonta. Na gane cewa wanda ya nuna rami ya ce hanya ce, bai fi wanda ya haƙa shi tsarki ba, ko da bai taɓa riƙe shebur ba. Masu sayen hasashe, ku ji daga bakin wanda ya sayar: ba mu san gobe ba, karatu muke yi mu ƙara gishiri, in kun faɗi ba ma ko buɗe saƙonku. Masu sayarwa kuma, ku sani muryarku tana shiga ɗakunan da ba ku taɓa gani ba, akwai masu jin ta ta bayan bango. In Allah Ya ba ku dama irin wadda Ya ba ni ta neman gafara ido da ido, kada ku ce sai jibi. Idan kuma akwai tela da ya bar gida da silifas wata Lahadi yana karanta wannan, don Allah ka koma. Innarka ba keken ɗinki take tambaya ba.